Masu Sunana a Hanyar Gembu

Malami mai ɗori ubana ne, kuma har na haifi 'ya'ya na kaina ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ni ne ɗan farinsa. A Aliero, gidajen da suka riƙe al'adar da, ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa: ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi wani ake jira ya ɗaga shi. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata a Jega Firchin. Can na girma, can na koyi tuƙi, har yau kuma a tashar Jega nake lodi. In Baba yana nemana sai ya ce "kai". In zai ba wani labarina sai ya ce "wan Bashar". Bashar ƙanena ne. Wato ko abin da ake nuna ni da shi, a wurin ƙanena aka aro mini.

Ukasha ne sunana. Ba wani suna ne mai karya haƙori ba.

Baba gajere ne, mai faffaɗan hannu, wanda dariya ke yi wa tsada a gida. Ɗori ya gada a wurin ubansa, kamar yawancin mutanen unguwarmu. Mutanen Aliero kuwa ba sa zama wuri ɗaya da wannan sana'a, duk inda ƙashi ke karyewa za ka iske namu ya shimfiɗa tabarma. Shi Baba dutsen Mambilla ya zaɓa, garin Gembu, can ƙuryar Taraba. Ya ce inda aka haɗa hawa da gangara da ruwan sama da babur, mai ɗori ba zai kwana da yunwa ba. Tun ina saurayi yake can. Yakan zo gida da Sallah da kuma lokacin cire albasa, ya yi 'yan makonni ya koma. In ya zo, da Bashar yake cin tuwo kwano ɗaya, Bashar ya koya wa jan ƙashi da ɗaure kara, Bashar yake tsokana har su yi ta ƙyaƙyatawa a zaure. Ni kuwa in na zo gaisuwa daga Jega, in durƙusa, ya ce, "Kun tashi lahiya?" yana kallon bango. Na san al'ada ce. Sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba. Kishin Bashar nake yi tun yana rarrafe, kuma yaron bai taɓa yi mini laifin komai ba.

Bara hannun Baba ya fara rawa. Mai ɗori da hannu mai rawa kuwa ya gama aiki. Inna Atika, mahaifiyarmu, ta aika aka kira ni. Ita ma ba ta kiran sunana, amma uwa ce, tana da hanyoyinta. Tsokar nama a ƙarƙashin tuwo ba ta taɓa wuce ni ba. Ta ce Baba zai dawo gida gaba ɗaya, ga kaya, ga tsufa, Bashar kuma yana Nijar wurin aiki. "Kai ad da mota," ta ce. "Tahi ka ɗauko shi."

Na amsa da sauri har ta ɗago ta dube ni. Abin da ban faɗa mata ba shi ne lissafin da na yi a raina. Kwanaki za mu yi a hanya, ni da shi kawai, babu dangi, babu idon wanda ya san mu. Kunya ai don idon mutane ake yin ta. Na ce in har akwai ranar da tsohon nan zai buɗe baki ya kira ni da sunan da shi da kansa ya raɗa mini, to a hanyar nan ce. In ta wuce, shi ke nan, sai dai a lahira.

Don haka na shirya tafiyar kamar mai rakiyar gwamna. Na tambayi direbobin da suka san gabas, na duba a waya, na tsayar da otal mai tsabta a kowane zango: ɗaki ɗaya, gado biyu, ni da ubana.

Ranar da za mu bar Gembu sanyi kamar ya tsinke yatsu. Mutane suka cika ƙofar ɗakinsa. Wannan ya kawo ayaba, wannan fiya, wannan zuma a galan, wata tsohuwa ta kawo ganyen shayi ƙulle a leda tana kuka. Motar ta cika har tana nishi. Da muka ɗau hanya na miƙa masa wayar, na nuna masa hoton ɗakin da za mu sauka a Serti. Ko karɓa bai yi ba.

"Wanda ba shi da mutane shi ka kwana otal," ya ce. "Kai dai ja mota."

Na ja. Ba mu yi nisa ba ya ce, "Tsaya nan." Gonar shayi ce, kore shar, ta bi tudu ta sauka ta sake hawa, mata da kwanduna a baya suna tsinka. Ya fita, ya goya hannu a baya, ya duba, ya duba, ya dawo. "Mu tahi." Gaba kaɗan ya sake tsayar da ni don wasu shanu masu ƙiba da ke kiwo a kan tudun da ko icce ɗaya babu. A bakin gangara kuma, inda dutsen ya ƙare, ya kira ni da hannu in fito. Na leƙa, na ga gajimare a ƙasa da ƙafafuna. Ni mutumin Jega, da tudun da na sani bai wuce na bakin gulbi ba, sai da na riƙe ƙofar mota. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, babu kowa sai iska. Na ce a raina, yanzu ne. Ya buɗe baki, ya ce, "Kai, ka duba birki kamin mu gangara."

Gangarar nan ba ta wasa ba ce. Kwana bayan kwana, dutse a dama, rami a hagu, ina riƙe da giya ta biyu ina jin ƙaurin birki. Shi kuwa ko a jikinsa. A wata muguwar kwana ya nuna da haɓa. "Nan na Usmanu ya hwaɗi da babur. Ƙahwa ta karye wuri biyu. Gidanai za mu kwana."

Haka masaukan Baba suke, ashe. Duk tsawon hanyar nan, daga dutse har gida, akwai wanda ya taɓa ɗora wa ƙashi, ko ya mayar wa gwiwar da ta goce, kuma ba ya wuce garin mutum bai kwana a gidansa ba. Shi ya sa tafiyar da direba ke yi a kwana biyu take cin masa mako.

Mun shiga Serti da la'asar. Usmanu dogon Bafillace ne mai ɗan ɗingishi, yana ganin motar ya taho da gudu-gudu yana "Baba! Baba!" Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kindirmo. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba: Baba yana dariya har ana ganin turamensa. Yana tsokanar matar gidan a kan gishirin miya, yana ɗaukar jikoki yana ɗora su a cinya. Aka tambaye shi wane ne direban, ya ce, "Wan Bashar na." Suka gaishe ni da mutunci, suka koma kan Babansu.

Ina sauke jakarsa daga but sai na ji muryarsa, da ƙarfi, a sake:

"Ukasha!"

Jakar ta suɓuce daga hannuna. Wallahi "na'am" ta riga ta iso maƙogwarona. Na juya, sai na ga ba ni yake kallo ba. Wani saurayi ne ya shigo, hannu duk baƙin mai, ya zube a gabansa. Ɗan Usmanu ne, makanike. Baba ya kama kansa yana jijjigawa. "Ukasha, ka yi gemu! Ukasha, yaushe za a yi armen, mu ga amarya?" Kowace magana sai ya ɗora mata sunan a gaba, kamar mai tsoron kada ya ƙare bai samu rabonsa ba.

Na sunkuya na ɗauki jakar. Sunana ne, a bakin ubana, karon farko a rayuwata, kuma ɗan wani ne ke amsawa. Na yi ta kallon yaron ina neman abin da zan ƙi shi da shi. Ban samu ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Da safe ma tun kafin in fito ya duba mini birki ya ƙara ruwa a lagireto, ya ƙi karɓar ko godiya. Don haushi na zarge shi da ɗaure wani noti da yawa. Bai ɗaure da yawa ba.

Muka kama hanyar Bali, duwatsu suna ja da baya a madubi. Na ba kaina haƙuri, na ce suna ai ba gadon gidanmu ba ne, kowa na iya sa wa ɗansa. Baba ya tsayar da ni a bakin wani kogi ya wanke fuska, ya tsayar da ni a kasuwar doya ya yi ciniki bai saya ba, a gadar Binuwai kuma ya sa na rage gudu yana ƙirga jiragen masunta da ido. Duk inda muka tsaya ina kasa kunne. "Kai, miƙo buta." "Kai, rage gilashi." Har muka shiga Lafiya.

A Lafiya gidan Binta mai abinci muka sauka, wata mace mai jiki da murya, wadda ke sayar da tuwo a bakin tasha. Shekarun baya ta zame a bakin rijiya da tsohon ciki, hannu ya karye, aka rasa mai taɓa ta. Baba yana kan hanyarsa ta zuwa gida aka nuna masa ita. Tun daga nan ta ce ba ta da uba sai shi. Ta yanka kaza, ta kawo ruwan zafi a bokiti, tana ta faɗa wai ya rame. Baba ya zauna a kujerar tsakar gida, ya waiwaya hagu da dama, ya ce:

"Ina mutumina? Ukasha!"

Wannan karon ban saki komai ba. Wani ɗan makaranta ya fito daga ɗaki da littafi a hannu ya faɗa jikinsa.

Biyu kuma ai ta wuce dace. Na bi Binta madafa kamar mai neman ruwan sha, na tambaye ta wa ya sa wa yaron suna.

"Baba mana," ta ce, tana juya miya. "Ni sunan mahaifina na so a sa. Da na haihu maigidana ya ce wanda ya ceci hannun nan shi zai zaɓa. Baba ko tunani bai yi ba. Ba mu kaɗai ba ne, ai. Akwai na Serti, akwai na Kontagora, an ce har a Gembu akwai biyu. Duk wanda ya ba shi zaɓi, sunan ke nan." Ta yi dariya. "Kuma ka ga abin mamaki, sai ya yi ta kiran yaron ba don komai ba. Ya ce Ukasha, yaro ya ce na'am, ya ce ba komai, je ka. Anjima ya sake. Ni har na ce ko sunan wani malaminsa ne. Af, kai kuma tun ɗazu wan Bashar, wan Bashar. Ba ka da suna ne?"

Na faɗa mata.

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, sai ta saki salati, ta fita tsakar gida tana tafa hannu. "Baba! Ashe da mai sunan kake tafe ka yi shiru? Ashe ɗanka ne na fari? Jama'a, ku zo ku ga Ukasha na asali!"

Ban taɓa ganin ubana ya ji kunya irin ta ranar ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Maƙwabta suka leƙo, aka yi ta kallona ana kallonsa. Da aka natsa, yaron ya matso zai nuna masa littafinsa, sai Baba ya ce, a hankali, "Kai yaro, kawo in gani." Yaron ya ɗaga kai yana mamaki. Daga wannan lokacin har muka bar gidan, sunan bai sake fitowa daga bakinsa ba. Idon sani ya iso Lafiya, kunya ta biyo shi.

Mai hankali zai ce ya kamata zuciyata ta yi sanyi, tunda ga shi ashe mutumin nan ya shuka sunana tun daga dutse har jihar Neja don ya samu inda zai faɗe shi. Ta yi sanyin, ba na musu. Amma ƙarƙashin sanyin wani abu ne ke tafasa. Shekara da shekaru ana rabon abin da yake nawa a gidajen mutane, makanike ya samu, ɗan makaranta ya samu, ni mai kayan ina tashar Jega ina amsa "kai". Da na ji ya ce wa yaron "kai yaro" kuwa, har da ɗan daɗi na ji. Na ce to, yanzu kowa ya ɗanɗana.

Washegari tafiyar ta yi nauyi. Ya daina cewa a tsaya. Da muka zo Dutsen Zuma ni na tsaya da kaina, don na san ba zai so ya wuce shi ba. Ya duba ta gilashi, bai fita ba. Kafin mu isa Kontagora labari ya riga mu, Binta ta buga waya. Maigidan, Aminullahi, wanda Baba ya taɓa gyara wa kafaɗa, ya tarbe ni da hannu biyu yana "Maraba da mai suna!" Nasu Ukashan ya zo ya gaishe mu, magidanci ne har da 'yarsa a kafaɗa. Baba ya amsa masa da "Sannu, kai." Mutumin ya tsaya jim, kamar wanda ya zo karɓar abin da ya saba aka ce yau babu. Na dubi Baba yana cin tuwo da hannunsa mai rawa, shiru, a gidan da na tabbata da can da dariya yake cika shi. Daɗin da na ji a Lafiya ya bi iska. Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe a hanyar, ga bakinsa ya rufe, ni kuma ko abin da na fito nema ban samu ba.

Da hantsi muka wuce Yawuri, muka wuce Koko. Ƙasa ta miƙe shimfiɗe, irin tamu, babu tudun da zai tare wa ido hanya. Na fara ganin motocin da na sani, direbobi suna yi mini fitila. Kowace tafiya ta taya tana kai mu wurin dangi da idon sani. Na cire rai. Na ce Ukasha, girma ya kama ka, ka bar neman abin yara.

Muna cikin ƙasar Maiyama, daidai Mungadi, ya ce, "Tsaya nan."

Na duba, ban ga abin tsayawa ba. Babu dutse, babu kogi, babu kasuwa. Gonakin gero ne da aka girbe, da wata tsamiya, da awaki biyu a gindinta. Na gangara gefen titi na kashe mota. Bai fita ba. Ya duba gaba, ya duba baya ta madubi, har wata tirela ta wuce hanya ta yi wayam. Ya ɗora hannayensa a gwiwa don su bar rawa. Idonsa na kan tsamiyar.

"Ukasha."

Ban amsa nan take ba. Na saba sunan nan in ya fito daga bakin nan wani ke da shi. Sai da na tuna babu kowa a motar, daga ni sai ayaba da galan ɗin zuma.

"Na'am, Baba."

"Ba komi," ya ce. "Mu tahi."

Ni da na tsufa a kan sitiyari, sai da motar ta mutu mini kafin in hau kwalta, kamar ɗan koyo. Muka ratsa Jega, muka kama hanyar Aliero. A ƙofar gida mutane sun taru, Bashar ma ya dawo, ya rungume Baba suna dariya. Baba ya waiwayo ya ce, "Kai, sauke kayan nan." Na sauke.

Yanzu yana gida, yana zama a zaure yana duba aikin Bashar, yana gyara masa da baki tunda hannu ya ƙi. Har yau wan Bashar nake. Masu sunana sun sha kiran nan ba adadi, ni sau ɗaya na samu, kuma in na ce na daina jin haushinsu na yi ƙarya. Sai dai su a gaban jama'a aka kira su, aron bakinsu aka yi don su amsa a madadina, nawa kiran kuwa ni aka nufa. Inna ta tambaye ni, "Mi kunka gani a hanya?" Na ba ta labarin gonar shayi, da gajimaren da ke ƙasa da ƙafa, da Dutsen Zuma. Ta ce lallai na sha kallo.

Ina yawan ɗaukar lodin Koko da Yawuri yanzu, ko da layin bai fi na Sakkwato ciniki ba. In na zo daidai tsamiyar nan ta Mungadi sai ƙafata ta sauka daga totur da kanta. Fasinja sukan leƙa su ga babu komai, su ce, "Direba, lahiya?"

Sai in ce musu birki nake gwadawa.